Tawakkali a Lokacin Ruɗani da Ƙuncin Zuciya: Nazari a kan Abdullahi ɗan Fodiyo da Waziri Buhari

  Ya shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, da 'yan'uwa almajirai maza da mata, ina neman izininku in gabatar da 'yar wannan maƙala a kan wata mas'ala wadda kowa yake ganin ya san ta, alhali kuwa idan aka zo wajen aiki da ita sai a ga an yi mata gurguwar fahimta.

Al'adarmu ce idan musiba ta auka wa mutum, ko ta mutuwa, ko ta karayar arziki, ko ta ɓatan wani nasa, masu zuwa jaje su ce masa sai haƙuri, a yi tawakkali, haka Allah ya ƙaddara. Kuma babu wanda zai ce wannan magana ba gaskiya ba ce. Amma da zarar an share makoki, an yi sadakar arba'in, aka kuma ga har yanzu mutumin ba ya barci, ba ya cin abinci, ko kuwa ya kasa tsai da shawara a kan abin da zai yi da rayuwarsa, sai maganar ta sake kama, ta tashi daga lallashi ta koma zargi, a fara raɗe-raɗin cewa wane ba shi da tawakkali, imaninsa ya yi rauni. Da'awar da nake so in kafa a gabanku ita ce, ƙuncin zuciya da ruɗewa a kan hanyar da za a bi ba sa rushe asalin tawakkali, kuma shi tawakkalin ba ya zaɓar wa bawa ɗaya daga cikin hanyoyi biyu da ke gabansa, har ma yana yiwuwa mutum biyu su dogara ga Allah dogaro na gaskiya, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Zan kafa hujja da mutum biyu daga tarihin Daular Usmaniyya, waɗanda kusan shekara ɗari ta raba jarrabawarsu, kuma kowannensu ya bar mana bayanin halin da ya shiga da alƙalaminsa.

Abin da magabata suka shimfiɗa

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, wato 1111, ya haɗa tauhidi da tawakkali a littafi guda cikin rubu'in ƙarshe na Ihya'u Ulumiddini, rubu'in da ya keɓe wa halaye masu tsirarwa, domin a wurinsa tawakkali ɗa ne ga tauhidi: wanda ya sakankance cewa babu mai aikatawa a haƙiƙa sai Allah, shi ne zuciyarsa take iya jingina gare shi. Ya kasa wannan hali daraja uku, ta farko irin amincewar mai ƙara ga wakilin da ya tsaya masa gaban alƙali, ta biyu irin ta jinjiri ga uwarsa, ta uku kuwa irin kasancewar mamaci a hannun mai yi masa wanka; ya kuma bayyana cewa darajojin nan biyu na sama ba su cika daɗewa tare da bawa ba, sukan zo ne su wuce. Wurin da ya fi shafar bahasinmu shi ne inda ya raba tsakanin yaƙini da natsuwar zuciya, ya kawo misalin mutumin da ya sani sarai cewa gawa ba ta motsi, ba ta cutar da kowa, amma duk da haka ba zai iya kwana shi kaɗai a ɗaki ɗaya da ita ba. Gaskiya ne Gazali ya ɗauki wannan firgici a matsayin abin da yake rage cikar tawakkali, ba zan ɓoye muku wannan ba. Sai dai ya jingina shi ga ɗabi'ar ɗan Adam da raunin halittarsa, bai jingina shi ga ɓacin aƙida ba, kuma tsakanin rashin kamala da rashin asali akwai tazara mai nisa wadda masu saurin hukunci suke tsallakewa.

Alƙur'ani mai girma ya riga kowa nuna wannan a ƙissar Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Shi ne ya umarci 'ya'yansa su shiga Masar ta ƙofofi daban-daban, a lokaci guda kuma ya sanar da su cewa dabararsa ba ta tunkuɗe musu kome daga hukuncin Allah. Shi ne kuma wanda baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya farar da idanunsa, har 'ya'yansa suka ji masa tsoron halaka, ya amsa musu da cewa ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Ga riƙon sababi, ga dogaro, ga baƙin cikin da ya kai ga illata jiki, duk a zuciyar annabi guda, ba tare da wani ya kori wani ba. Game da saɓanin hanya kuwa, ya ishe mu abin da ya gudana tsakanin Sayyidina Umar da Abu Ubaida ɗan Jarrahi lokacin da annoba ta auka wa ƙasar Sham. Umar ya iso Sargu, ya sami labarin annobar, ya yi shawara da Muhajirai da Ansar suka saɓa, daga bisani ya yanke cewa a juya Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Umar ya koma ya rayu, Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa annobar ta ɗauke shi, kuma ba a sami malamin kirki da ya ce ɗayansu ya rasa tawakkali ba.

Tafiyar Abdullahi ɗan Fodiyo zuwa Kano

Jama'ar Shehu Usmanu ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, ta sami nasara a Tafkin Kwatto a watan Yuni, kuma Abdullahi, ƙanen Shehu, yana cikin jagororin wannan yaƙi. Mu da muke karanta tarihin daga ƙarshensa mukan manta cewa waɗanda suke cikinsa ba su san yadda zai ƙare ba. Kafin shekarar ta fita aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka ruwaito cewa mutum wajen 2000 suka yi shahada, kimanin 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. A ƙarshen 1805 aka sake yi musu wata a Alwasa, ga yunwa, ga cuta, ga rashin tabbataccen mazauni. Waɗanda suka faɗi a waɗannan wurare su ne abokan karatun Abdullahi, waɗanda suka san dalilin da ya sa aka fito; waɗanda suka cike gurbinsu kuwa da yawansu abin da ya kawo su daban ne.

A shekara ta huɗu da hijirarsu, wato wajen 1807, runduna tana kan hanyar Alƙalawa, Abdullahi ya bar ta ya fuskanci gabas da niyyar ya tafi Madina ya ƙare kwanakinsa kusa da kabarin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Shi da kansa ya ba da labarin a cikin Tazyinul Waraƙati, ya ce abin da ya kore shi shi ne sauyin da ya gani a zamani da 'yan'uwa, da karkatarsu ga duniya, da gasarsu a kan mulki da dukiya da matsayi, tare da sakaci da masallatai da makarantu. Abin lura a nan, wanda kuma yake nuna cewa damuwar ta shige shi ƙwarai, shi ne bai tsame kansa daga laifin ba, ya ɗauki kansa mafi muni a cikinsu, ya ga cewa idan ya zauna abin da ya ci su shi ma zai ci shi, saboda haka gudu ya wajaba a kansa. Ya tafi da mutum biyar, suka yi kwana uku a daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. To, ku dubi wannan, Allah ya gafarta malamai: mutumin da ya haura shekara arba'in, wazirin ɗan'uwansa, masanin da ƙasar Hausa ba ta da kamarsa a nahawu da tafsiri, ya bar iyali da runduna ana tsakiyar yaƙi, ya faɗa daji da mutum biyar. Da a yau wani ya yi haka, na san sunan da za a ba shi a majalisun unguwa.

Da ya iso Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanenta suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tsai da addini da shari'a, shi kuwa ya gaya musu ƙarara cewa abin da ya gudo dominsa ne ya tarar a wurinsu. Duk da haka ya zauna, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan hukunce-hukuncen mulki, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, sa'an nan ya juya ya koma wurin Shehu. Alƙalawa ta faɗi a 1808, shi kuwa har ya rasu a Gwandu bai ga Madina ba. Niyyarsa ta farko ba ta cika ba, kuma abin da ya ƙi bai gushe daga jama'a ba, domin rubuce-rubucensa na baya suna cike da irin wannan kuka. Ina ganin tawakkalinsa ya bayyana ne a wuri biyu: ya fita bisa ijtihadinsa yana neman kuɓutar da addininsa, kuma da aka tare shi da wani wajibi wanda bai shirya masa ba, bai nace wa shirin kansa ba, ya karɓi abin da aka ɗora masa da zuciyar da ba ta warke ba tukuna. Littafin da alƙalai da sarakuna suka daɗe suna komawa gare shi, a cikin wannan hali aka rubuta shi.

Shekarar 1903: wanda ya tafi da wanda ya zauna

Jarrabawa ta biyu ta fi ta farko tsanani, domin a wannan karo daular ce dungurungum ta rushe a kan mutanenta. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba na 1902, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu Atiku, wanda bai cika wata shida a kan gado ba Nasara suka iso. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, kuma tun kafin rundunar ta ƙaraso Sakkwato manyan gari sun rabu a ra'ayi, wasu suna ganin a yi yaƙi, wasu a yi sulhu, wasu kuwa a yi hijira tun da sauran dama. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a bayan gari, bindigogi masu aman wuta suka watsa rundunar Musulmi cikin ɗan lokaci kaɗan, kowa ya kama gabansa.

Sarkin Musulmi Attahiru ya fuskanci gabas. Tun zamanin Shehu akwai zance a bakin jama'a cewa a ƙarshen zamani za su yi ƙaura zuwa wajen kogin Nilu su tarbi Mahadi, zancen da ya yi ƙarfi har sai da Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa tana jan kunnen masu gaggawar tashi tun lokaci bai yi ba. Da Sarkin Musulmi da kansa ya kama hanya, sai dubban talakawa da malamai da sarakuna suka ga lokacin ya yi, suka bar gidaje da gonaki ana dab da faɗuwar damina suka bi shi. Nasara suka bi sawunsu har Burmi, a yankin kogin Gongola, inda aka yi karo na ƙarshe ranar 27 ga Yuli, 1903, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, garin da ake kira Mai Wurno har yau, kuma zuriyarsu tana nan. Tawakkalin wannan ɓangare a fili yake, ba ya bukatar mai kare shi. Waƙa da tarihi sun riga sun ba shi haƙƙinsa.

Wanda yake bukatar a tsaya a dube shi da adalci shi ne Waziri Muhammadu Buhari, ɗan Ahmadu ɗan Giɗaɗo, jikan Nana Asma'u, wanda yake riƙe da wazirci tun 1886. Bayan an watse daga fagen fama ya sami kansa a Marnona tare da tarin jama'a, mata da yara da tsofaffi da raunana waɗanda ba su da ƙarfin doguwar tafiya, ba su da guzuri, ba su kuma san inda za su dosa ba. Saƙo ya zo daga Nasara cewa a komo gari. A cikin risalar da ya rubuta daga baya zuwa ga ma'abota ilimi da tunani, wadda masanin tarihi R. A. Adeleye ya yi nazarinta a 1968, Waziri ya bayyana cewa bai yanke hukunci shi kaɗai ba: ya tara malaman da suke tare da shi ya nemi fatawarsu, suka duba littattafai, suka dogara da abin da Shehu ya rubuta a Masa'ilu Muhimma, cewa idan an ji tsoron halaka a hannun wanda ya fi ƙarfi, ya halatta a yi masa biyayya ta harshe da zahiri a sha'anin duniya, matuƙar zuciya ba ta miƙa masa wuya ba. A kan wannan suka komo, suka ji daga bakin Nasara cewa ba za a hana salla da azumi da sauran rukunan addini ba, kuma kafin watan ya ƙare aka naɗa Muhammadu Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba, a matsayin Sarkin Musulmi.

Da tawakkali yana nufin gushewar damuwa da zarar an sami fatawa, da labarin ya ƙare a nan. Amma Waziri ya faɗa da bakinsa cewa bayan komowarsa zuciyarsa ba ta natsu ba, tsoro ya kama shi cewa wataƙila abin da ya yi ya taɓa addininsa, wataƙila ya sayar da lahirarsa da zaman gida, alhali ga shugabansa da ya yi wa mubaya'a yana can cikin daji ana farautarsa. Wannan ba ƙaramin waswasi ba ne ga mutumin da ya tashi a gidan da aka gina daula a kan hukuncin wajabcin hijira daga ƙasar da kafirci ya rinjaya, wanda kakanninsa suka bar Degel saboda abin da bai kai wannan ba, wanda kuma ya san littafin Shehu, Bayanu Wujubil Hijira, kamar yadda ya san sunansa. Hujja tana hannunsa, malamai sun sa masa hannu, amma zuciya ta ƙi kwanciya. Wannan shi ne ainihin abin da Gazali ya siffanta na rabuwar yaƙini da natsuwa.

Abin da ya yi da wannan damuwa shi ne ya kai ta wurin wani malami, Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu, kuma jawabin da ya samu ya cancanci a riƙa karantar da shi ga duk mai ba da fatawa. Alƙali bai ce masa imaninsa ya yi rauni ba, bai kuma ce masa ya daina tunani ba. Ya ɗauko masa tarihi: ya tuna masa cewa Ƙaramiɗa sun shiga Makka sun ɗauke Hajarul Aswadi, abin da ya faru a 317 bayan hijira, dutsen kuma bai komo ba sai bayan shekara ashirin da wani abu, ya tuna masa cewa Tattar sun ci Bagadaza sun kashe halifa, abin da ya faru a 656, wato 1258, kuma a duk waɗannan musibu Musulmi sun zauna a ƙasashensu, malamai sun ci gaba da karantarwa, har Allah ya kawo sauyi. Ya ƙara masa da cewa ƙasar nan ƙasar Musulunci ce, idan kowa ya tashi ya bar ta sai ta koma abin da ake gudu, waɗanda ba su iya tafiya kuwa a bar su ba mai ja musu salla, ba mai raba musu gado. Hikimar wannan jawabi, a ganina, ita ce ya fitar da Waziri daga kaɗaicin da musiba take jefa mutum a ciki, inda yake ganin kamar ba a taɓa jarrabar kowa da irin abin da aka jarrabe shi da shi ba, ya sanya shi cikin jerin mutanen kirki da suka ga abin da ya fi wannan suka kuma mutu da imaninsu.

Ga mutum biyu ke nan, Sarkin Musulmi da Wazirinsa, gidansu ɗaya a ilimi, littattafan da suka karanta ɗaya, Ubangijin da suka dogara gare shi ɗaya, kowannensu kuma yana da nassin Shehu a hannunsa, amma ɗaya kabarinsa yana Burmi, ɗaya ya ƙare kwanakinsa a Sakkwato. Wanda ya ce lalle sai ɗayansu ne mai tawakkali, to, ya wajaba ya faɗi irin wannan a kan Umar da Abu Ubaida, kuma na tabbata ba zai yarda ya faɗa ba.

Abin da wannan yake hukuntawa a kan masu ƙunci a yau

A nan zan taƙaita, domin masu ilimin likitanci da suke wannan zaure sun fi ni sanin fagen. Abu Zaidu Balhi, wanda ya rasu a 322 bayan hijira, wato 934, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfusi, inda ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, wanda ake magance shi da nasiha da gyaran tunani, da kuma wanda yake sauko wa mutum ba tare da wani dalili na zahiri ba, ya hana shi walwala da kuzari, wanda ya ce asalinsa daga jiki yake, kuma yana bukatar magani irin na jiki. Malami Musulmi ne ya faɗi haka fiye da shekara dubu da ta wuce, saboda haka babu dalilin da za a ɗauki zuwa wurin likita saboda ciwon damuwa a matsayin baƙon abu ko gajiyawa a dogaro ga Allah. Riƙon sababi ne, daidai da ɗaure raƙumin da hadisin Tirmizi ya yi umarni da shi kafin a dogara. Hausawa ma sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Abin da nake jin tsoro shi ne mai wa'azin da yake gaya wa matar da ta rasa ɗanta, ko magidancin da aka kora daga ƙauyensa ya koma zaman gudun hijira, cewa hawayensa alamar raunin imani ce, sai ya tashi daga majalisin da ciwo biyu, na musibarsa da na zaton cewa Allah yana fushi da shi, alhali Manzon Allah da kansa ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahimu, kuma malaman sira sun sanya wa shekarar rasuwar Nana Hadiza da Abu Ɗalibi sunan shekarar baƙin ciki.

Wata suka da ya kamata a saurara

Mai suka yana iya cewa na yi wa Waziri sassauci, domin fatawar da ta ba mutum damar ya zauna a gidansa, ya riƙe muƙaminsa, fatawa ce da rai yake so, kuma sau da yawa abin da ake kira tawakkali da miƙa al'amari ga Allah sutura ce kawai da ake lulluɓe tsoro da son zuciya da ita. Wannan suka tana da nauyi, kuma malaman tasawwufi sun riga mu faɗakarwa a kanta. Ibnu Aɗa'illahi na Iskandariyya, wanda ya rasu a 1309, ya yi dogon bayani a kan yadda rai yake ɓoye sha'awarsa a cikin abin da yake kama da ibada. Amsata ita ce, wanda yake neman sutura ga son zuciyarsa yakan karɓi fatawar farko ya yi shiru, ba ya komawa ya tone abin da aka riga aka rufe masa, balle ya rubuta shakkarsa a takarda ya aika wa malaman zamaninsa su duba. Damuwar da Waziri ya kasa rabuwa da ita ita ce mafi ƙarfin shaida a kan gaskiyar niyyarsa.

Sai dai gaskiyar niyya ba ta sa hanyar ta zama mai tsabta daga ƙaya ba, kuma bai kamata mu yi wa tarihi kwaskwarima ba. Sharaɗin da malaman Marnona suka gindaya shi ne biyayyar zahiri a sha'anin duniya, amma iyakar da ke tsakanin sha'anin duniya da na addini ba ta tsaya inda suka zana ta ba, domin wanda yake da bindiga shi yake matsar da ita. Shekara uku kacal bayan komowarsu, a watan Fabrairu na 1906, mutanen Satiru, wani ƙauye a kudu da Sakkwato, suka tashi da da'awar Mahadiyya suka kashe jami'an Nasara da sojojinsu. A watan Maris aka kai musu runduna aka shafe garin, aka kashe mutum wajen 2000, kuma masu mulkin Sakkwato a ɓangaren Nasara suka tsaya a wannan rana. Ta ɗaya gefen kuma, saboda waɗanda suka zauna ne kotunan alƙalai suka ci gaba da hukunci da fiƙihun Malikiyya, zaurukan karatu ba su rufe ba, aka kuma tsare littattafan Shehu da Abdullahi da Bello ɗan Shehu a gidajen da aka gaje su. Waziri Buhari ya riƙe muƙaminsa har rasuwarsa a 1910, kuma ɗansa Junaidu, wanda aka haifa a shekarar Satiru, shi ne ya zama Wazirin Sakkwato daga baya, ya tattara rubuce-rubucen magabatansa, ya rubuta tarihin daular da Larabci da Hausa, kuma da yawa daga masu binciken da suka rubuta labarin Burmi da na Marnona a ɗakin karatunsa suka sami takardun da suka dogara da su.